Gadin Dutsen Bayan Gidan Kaka

Wautar da na yi ba ta fi ƙwayar gero girma ba, babban yatsana ne kawai ya zame. Bidiyon da na ɗauka don 'yan ajinmu su yi dariya, sai na tura shi zauren danginmu na waya, inda Baba yake, da baffannina, da wata gwaggona ta Kano wadda ko kaza ce ta yi tari a gidanmu sai ta kira mutum goma ta yi musu jaje.

Lokacin hutun makaranta ne, tsakiyar bazara. An turo ni daga Birnin Kudu zuwa wurin Kaka, mahaifiyar Baba, a wani ƙauye gaba da Farin Dutse, cikin ƙasar Gwaram. Baba ya ce in je in taya ta ɗiban ruwa. Umma ta ce in je ko kunnuwanta sa huta. Tun rasuwar kakanmu, Kaka ita kaɗai take zaune a gidan, daga ita sai awakinta da kajinta da rumbu guda mai jinkar ciyawa. A bayan dangar gidan akwai dutse. Ba wani dutsen a zo a gani ba ne, akuya mai ciki ma tana hawansa ta sauko ba ta yi haki ba. A gindinsa akwai falalen da matan unguwa suke sussuka da shiƙa a kai tun ba a haifi Baba ba.

Washegarin zuwana na hau dutsen neman sabis, don a ƙauyen nan waya ba ta kamawa sai can sama. Ina ɗaga waya ina juyi kamar mai kiran tattabaru, sai na ga hayaƙi siriri yana fitowa daga wata tsaga.

A zangon da ya wuce malamin labarin ƙasa ya koya mana duwatsu masu aman wuta. Ya nuna mana a wayarsa yadda narkakken dutse yake gangarowa ja wur yana lashe gidaje, da wasu mutane da ba su da aiki sai zama su sa wa dutse ido, suna auna motsin ƙasa da zafinta da warin hayaƙi don su gargaɗi jama'a. Darasin nan kaɗai ne ban yi gyangyaɗi a cikinsa ba. Ya kuma gaya mana babu irin wannan dutse a yankinmu, amma wannan ɓangaren na ajiye shi gefe.

Na kunna kyamara, na gyara murya irin ta masu karanta labarai. Na ce ga ni a bakin dutse mai aman wuta na farko a Jigawa. Na ce ƙasa tana rawa a ƙarƙashina, na girgiza wayar da hannu don a gani. Na ce masana sun tabbatar zai fashe kafin Juma'a. Masanan ni ne. Na rufe da cewa duk wanda bai sake jin ɗuriyata ba ya yafe mini, wanda ya ari kalkuletata kuma ya riƙe.

Kafin in kai ƙasa waya ta fara kuka. Gwaggona ta Kano ce, tana salati tana tambaya ko wutar ta iso ɗakin Inna, wato Kaka. Ina cikin rantse mata sai kiran Baba ya shigo. Baba direba ne, yana jan bas tsakanin Birnin Kudu da Kano, kuma ba ya kiran mutum da rana tsaka sai da dalili.

"Kai, wane shirme ne wannan?"

"Baba, wasa ne."

"Girgizar ƙasar?"

"Hannuna ne."

"Masanan fa?"

Na sosa ƙeya. Ina jin kwandastansa can baya yana kiran Kano, Kano.

"Hayaƙin ma hannunka ne?"

"Hayaƙin dai gaske ne, Baba. Amma ɗan kaɗan ne."

"To. Tunda Allah ya ba mu masani a gida, kullum da safe ka hau ka duba ka kira ni. In ya ƙi mutuwa, ko ya matso gida, zan ajiye lodi in zo in ɗauko Inna. Kar ka ƙara, kar ka rage."

A nan na gane na jawo magana. Baba ya daɗe yana son ɗauko Kaka ta dawo gidanmu, ita kuma ta ƙi. Bara ta zame a bakin rijiya har aka kwantar da ita a babban asibitin Birnin Kudu. Ranar da aka sallame ta, Baba ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, wannan karon na bi naki. In aka sake samun wani abu, ko ƙaya ce ta soke ki, za ki bi nawa." Ita kuwa ta ce ɗakin da aka kawo ta tana amarya, daga cikinsa za a fitar da ita. Tun daga nan Baba yake jiran ƙaya. Ni kuma, da yatsa ɗaya, na miƙa masa dutse sukutum.

Na tarar da Kaka a tsakar gida tana tsinkar zogale. Gwaggo ta riga ta kira wayar maƙwabta, labari ya riga ni sauka. Kaka "maigida" take ce mini, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce mata "amarya".

"Maigida, zo nan. Na ji ka kai ƙarata Kano."

"Kuskure ne, amarya."

"Wane irin miji ne kai? Wasu mazan suna kawo cefane, kai ka kawo mini sammaci."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ci gaba da tsinkar ganye, ba ta ɗago ba.

"Ubanka zai zo?"

"Sai in hayaƙin bai mutu ba."

"To ka je ka kashe shi, tunda kai ka hura shi."

Na buga ƙirji na ce ta bar komai a hannuna. Na ce zan sa wa dutsen nan ido yadda masana na gaske suke yi, in tabbatar wa Baba ba komai ba ne, ya manta da maganar.

A ranar na kafa tashata. Na cika kwanon shan Kaka da ruwa na ɗora a kan falale, don in ƙasa ta motsa ruwan zai yi rawa. Na zauna ina kallonsa har idona ya fara ganin kwano biyu. Ruwan bai motsa ba sai da bunsurun Kaka ya zo ya sa baki. Ya shanye na'urar tas, ya tsaya yana kallona ko da ƙari. Na ɗaure zare daga wannan gefen tsagar zuwa wancan don in ga ko tana buɗewa, da safe babu zare. Na sato ƙwai daga akurki na ajiye a bakin tsagar in ga ko zai dahu. Shi ma da safe sai ɓawo. Ko dutsen ne ya karya kumallo da shi ko guza ne, ilimi bai tabbatar ba. Kaka dai ta tabbatar ƙwanta ya ragu, ta ce in na sake za ta dafa ni a madadinsa.

Na'urar da ba ta ba ni kunya ba hancina ce. Malaminmu ya ce hayaƙin dutse mai aman wuta warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi. Na kwanta rubda ciki na shaƙa har na yi tari. Wannan ƙaurin tuwo yake yi, irin wanda ya kama a tukunya aka manta da shi. Na rasa yadda zan yi da wannan sakamako.

Mutanen ƙauye ba su damu ba. Maƙwabcin Kaka, wani dattijo abokin marigayi kakanmu wanda kowa ke ce wa Malam, ya ce tun kafin in zo ya sa yara sun ɗura bokiti-bokiti na ruwa a tsagar. Hayaƙin ya ɗauke, da yamma ya dawo.

"Yara ne suka yi wa gafiya hayaƙi, wutar ta samu ciyawa a ciki," in ji shi. "Za ta gaji ta mutu. Kai ne ɗan Birnin Kudun da ya ce za mu ƙone kafin Juma'a?"

"Wasa ne, Malam."

"To in ka ga za a yi da gaske ka gaya mini da wuri, ina da wanki a shanya."

Juma'a ta zo ta wuce, dutse bai fashe ba, hayaƙi kuma bai mutu ba. Ni kuwa na kasa zaune na kasa tsaye. In ina cin tuwo, loma biyu in miƙe in leƙa ta kan danga. In na tafi rijiya, ina tafe ina waiwaye har na taɓa shiga cikin garken shanun wani. Kaka ta ce ko tururuwa ce ta shiga wandona.

Abin da ya fi wahala shi ne rahoton safe. Dole in hau kan dutsen da nake karewa, in tsaya kusa da hayaƙin, in gaya wa Baba babu komai. Ni da tun da na iya magana ban taɓa ba da labari daidai girmansa ba, in kare ya bi ni sai ya zama kura kafin in kai gida, yau ga ni ina koyon ragi.

"Yaya hayaƙin?"

"Kamar na turaren tsinke, Baba."

"Jiya ma haka ka ce."

"To yau kamar rabin tsinke."

"Me ya sa kake tari?"

"Ƙuli-ƙuli ne ya shaƙe ni."

Kullum in na kashe waya sai in ji kamar na ci abinci ba gishiri.

Silifas ɗina ne ya tona asirin dutsen. Bunsurun nan, da ya gama da na'urorina, sai ya koma kan takalmina ya tauna ɗaya. Wata safiya bayan sallar asuba na fita ba takalmi, ƙasa ta yi sanyin nan na safe kafin rana ta fito ta fara gasa mutane. Ina zagawa ta gefen falale zan hau, sai na taka wani wuri mai ɗumi. Na ja baya, sanyi. Na matsa gaba, ɗumi, kamar wurin da akuya ta kwana ta tashi. Kuma wurin ba kusa da tsagar yake ba ko kaɗan. Tsagar tana can sama, wannan a ƙasa yake, tsakanin falale da dangar Kaka.

Na yi ta tattakawa kamar mai kwaɓa ƙasar gini har na gano iyakar ɗumin. Na karyo karan dawa na kakkafa a gefen. Da rana ba a iya gane komai, don ko'ina zafi ne, sai da na jira wata asubar. Da na dawo, ɗumin ya wuce karana. Na matsar da su. Asubar da ta biyo baya ya sake wucewa. Ba gudu yake ba, rarrafe yake, amma hanya ɗaya ya miƙa, kuma a ƙarshen hanyar danga ce ta kara, a bayan dangar kuma rumbun Kaka, cike da damman gero da dawa da irin da za ta shuka bana. Har tururuwar wurin na ga sun yi layi ɗauke da ƙwansu suna ƙaura.

Na yi niyyar in gudu in gaya wa Kaka na yi babban bincike. Amma da na fito washegari, da wuri fiye da kullum, sai na tarar ta riga ni. Tana tsugune a can farkon wurin, kusa da wani ƙaramin rami a gefen falale, tana tsiyaya ruwan buta a ciki. Ba hayaƙi a nan, ba komai. Duk ƙauyen sama suke kallo, ita kaɗai take zuba ruwa a ƙasa.

"Amarya, shuka kike yi?"

Ta zabura har butar ta kusa faɗuwa.

"Kai ba ka barci ne?"

"Ya aka yi kika san nan ne?"

Ta ajiye butar. Sannan ta ce in kama ta ta zauna a kan falalen, na kama ta. Hannunta ba nauyi, kamar na ɗauki kara.

Ta ce wurin nan da nake tattakawa ba ƙasa ba ce. A da can kwari ne, mai zurfin da in namiji ya shiga ba a ganin hularsa. Tun tana amarya, in mata suka gama shiƙa a falale, cikinsa suke share ƙaiƙayi. Shekara da shekaru ana zubawa har ya cika, ruwan sama ya jawo ƙasa ta rufe shi, ciyawa ta fito, kowa ya manta. Sai ɗan ramin nan da ya rage a baki, inda take zuba toka.

"Kafin ka zo ne," in ji ta. "Na kwaso toka a kasko, da garwashi a ciki. Na ce in na iso in yayyafa ruwa tukuna, kamar kullum. Sai gwiwar nan ta ƙi ni. Na faɗi, kaskon ya gangara ciki."

"Kin ji ciwo?"

"Na zauna a nan har rana ta taso kafin in iya tashi. Ba wanda ya gan ni."

Wato wutar tana cin ƙaiƙayi a ƙarƙashin ƙasa a hankali, hayaƙin kuma yana bin ƙarƙashin dutse ya fita ta tsagar can sama. Shi ya sa yake ƙaurin tuwo. Tuwon shekaru ne yake ƙonewa.

"Kaka, mu gaya wa Malam a tara maza a haƙe."

"In Malam ya ji, ubanka ya ji. Rabin garin nan motarsa suke shiga. In aka haƙa kuma kaskona za a gani." Ta kama kunnena, ba da ƙarfi ba. "Ba dutsenka ne zai fitar da ni daga gidan nan ba, maigida. Faɗuwar nan ce. Ka rufe mini baki."

Na yi mata alkawari. Na ce mu biyu ma mun isa.

Ba mu isa ba. Rijiyar ƙauyen tana da nisa, kuma da bazara sai ka zura guga kamar za ka gaisa da mutanen ƙasan duniya kafin ka ji ruwa. Na yi ta jigilar jarka har wuyana ya shige cikin kafaɗuna. In na juye a ramin, sai in ji wani ɗan tsaki can ciki, kamar wutar tana raina mini hankali, shi ke nan. Matan da ke rijiya suka fara tambayar ko Kaka ta buɗe gidan wanka ne. Na ce zogale muke ba ruwa. Kowace asuba in je in taka, in matsar da karana gaba, in hau dutse in ce wa Baba rabin tsinke.

Na daina cin abinci sosai. Na daina ba'a, abin da ya sa Malam ya tambaye ni ko zazzaɓi nake yi. Kaka ma ta daina tsokanata. In muka haɗa ido a tsakar gida sai kowa ya kalli rumbu, sannan ya kalli wani wuri.

Da ɗumin ya zo inda in na kwanta na miƙe hannu zan taɓa danga, sai na yanke shawarar in haƙa rami a gabansa in tare shi, yadda ake yi wa gobarar daji. Na ɗauko fartanyar kakanmu da sassafe. Sara na farko ƙasa ce. Na biyu baƙin ƙaiƙayi ya fito, busasshe ƙayau. Na matsa baya don in gyara tsayuwa, sai ƙasa ta burma da ƙafata ta hagu har idon sawu.

Da a ce wani labarin ne, da na ce na yi tsalle na wuce tsayin rumbu. Gaskiyar ita ce faɗuwa na yi da baya, na ja ƙafar, na kasa ko ihu. Ramin da ƙafata ta bari ja ne a ciki. Iska ta shiga, na ga jan yana ƙaruwa, wani hayaƙi mai kauri ya taso, ba irin na tsinke ba. Daga nan zuwa dangar kara bai fi tsawon tabarma ba. Bayan rumbun kuma ɗakin Kaka ne, bayan ɗakinta dangar Malam, da jikokinsa ƙanana da ke kwana a rumfa saboda zafi.

Na tura ƙasa da fartanya na rufe ramin. Na juye sauran ruwan jarka a ƙafata. Da na ɗago, Kaka tana tsaye a bakin danga, ta ga komai.

"Mu ga ƙafar."

"Ba komai."

"Na ce mu gani."

Ta duba. Fatar ta tashi a gefe. Ta kalli wayar da ke aljihun rigata, ta kalli dutsen. Na jira ta ce kar in hau. Na jira ta ce in hau. Ba ta ce ko ɗaya ba, ta juya ta shiga gida tana dafa danga.

Na hau da ɗingishi. Hawan da nake yi a guje, ranar sai da na huta a hanya.

"Yaya, rabin tsinke?" in ji Baba.

"Baba, ba dutse ba ne. Tsohon ramin ƙaiƙayi ne yake ci ta ƙarƙashin ƙasa. Ya kusa danga. Ƙafata ta burma ciki, akwai garwashi."

"Ƙari kake yi."

"Ban ƙara ba."

"Kamar yaya ya kusa?"

"Tsawon tabarma."

Na ji ya ce wa kwandasta ya sauke fasinja a mayar da su motar da ke bi masa.

"Tun yaushe ka sani?"

"An kwana biyu."

"Za mu yi wannan maganar. Sauka ka gaya wa Malam ya tara mutane, a fara kwashe rumbun. Ka fitar da Inna daga gidan."

Maganar faɗuwa ban yi ba. Na ce a raina wannan rabin alkawarin dai zan riƙe.

Malam bai yi ba'a ba wannan karon. Ya zo ya taka wurin da ƙafarsa, ya cire hula ya mayar, ya aika yara gida-gida. Kafin hantsi maza sun cire dangar, sun yi layi suna miƙa damman hatsi daga rumbu zuwa ƙofar gida. Aka ɗauro amalanken shanu cike da jarkoki. Masu shebur suka fara buɗe kwarin daga gefen danga suna komawa baya, duk inda suka buɗe sai ja, sai a kwara ruwa, tururi ya tashi ya rufe mutane. Ƙaurin tuwo ya cika ƙauyen. Kaka ta ƙi fita. Ta ɗauko kujerarta ta tsugunno ta zauna a gindin rumbu tana gaya wa masu miƙo dami wanne ne iri, kar a haɗa shi da na ci.

Baba ya iso da azahar da bas ɗinsa babu kowa a ciki. Ya gaida Kaka, ya dubi ƙafata, ya tuɓe riga ya karɓi shebur. Wajen la'asar aka kai bakin ramin toka. Ina tsaye ina addu'ar kaskon ya narke. Wani saurayi ya daki ƙarfe, ya zaro shi, baƙi ƙirin, ya ɗaga yana tambayar na wane ne. Kaskon ƙarfe ne mai mariƙin waya. Baba ne da kansa ya kai wa maƙeri ya sa masa mariƙin, bayan zamewar rijiya, don ya yi mata sauƙin ɗauka.

Baba ya karɓa, ya juya shi. Na buɗe baki zan ce ni ne na jefa shi, har na shirya labari mai kyau da bunsuru a ciki.

"Rufe bakinka, maigida," in ji Kaka. Ta dubi Baba. "Nawa ne. Faɗuwa na yi da shi. Yaron nan ni na hana shi faɗa."

Baba ya ajiye kaskon a ƙasa a hankali. Ya durƙusa gabanta kamar yadda ya yi a asibiti.

"Inna."

"Na ji. Ba sai ka faɗa ba. A bar ni in ga an mayar mini da dangata tukuna."

Aka mayar da dangar kafin magariba. Ta sa aka kira matar Malam ta ba ta kajin. Irin shuka ta raba biyu, rabi ta ba Malam ta ce a shuka a gonarta kar ta kwana, rabi ta ƙulle a zani ta riƙe a cinya. Washegari aka ɗaure hatsi a saman bas, awaki a baya, bunsuru yana tauna kujerar fasinja. Da muka zo wucewa ta gefen dutsen na leƙa ta taga. Tsagar tana nan, babu hayaƙi. Kaka ba ta leƙa ba.

A hanya, wajen Gwaram, na ce, "Amarya, ki yi haƙuri."

"Wace amarya? Na sake ka. Ƙaninka zan aura, shi ba shi da waya."

Baba ya yi kamar zai yi dariya, ya fasa.

Ƙafata ta warke ta bar tabo, wanda na nuna wa 'yan ajinmu na ce narkakken dutse ne. Wayata ta zauna a aljihun Baba har aka koma makaranta. Malam ya aiko cewa wani lungu na kwarin ya ci gaba da ɗumi har sai da ruwan farko ya sauka. Rumbu bai ƙone ba, ba a rasa ko dami ɗaya ba.

Ɗakina aka ba Kaka, ni na koma zaure da awaki a maƙwabtaka. Irin da ta ƙullo ta shuka shi a bayan gidanmu, ɗan wurin da bai fi shimfiɗa biyu ba. Har yau ƙanina take ce wa maigida, ni kuma mai gadin dutse. Ba ta koma ƙauyen ba.